Mu'azu Mai Adaidaitar Cikin Waya

Shekara talatin da wani abu ke nan ina faci a bakin titin Gyadi-Gyadi, ƙarƙashin darbejiyar da 'yan adaidaita sahu suke fakewa in rana ta take. Direbobi da yawa sun zo sun wuce a gabana. Wanda nake so in ba da labarinsa shi ne Mu'azu. Yanzu mutane sun san gem ɗin da ya yi na waya, amma kaɗan ne suka san yadda ya kusa rasa masu yin sa gaba ɗaya.

Daga wani ƙauye a bayan Wudil ya zo, da takardar sakandare a cikin leda. Dogo ne siriri, ba ya son doguwar magana. Shekara biyar yana jan adaidaitar wani Alhaji, daga Gyadi-Gyadi zuwa kasuwar Tarauni, ya zaga ta ƙofar asibitin koyarwa, ya dawo. In ya kawo mini taya ba ya tafiya shan shayi kamar sauran, tsugunawa yake yi yana kallo har in gama. Wata damina motar yashi ta matse shi a kwana, ƙugunsa ya karye. Ya yi wata bakwai a kwance a ɗakin da suke haya a Ƙauyen Alu. Da ya tashi, likita ya ce shi da jan adaidaita sai dai kallo.

Matarsa Ladi tana aikin buga wa ɗalibai takardu a wani shago kusa da asibiti. Ita ce ta roƙi mai shagon wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine, ta kawo masa don ya rage zaman shiru. Ta ce mini ita ta zaci kallo zai riƙa yi a ciki. Ashe koyo ya kama. Yadda aka yi ya koya ban sani ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Abin da na sani, bayan shekara ɗaya da rabi ya zo rumfata yana dogara sanda, ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, ga ka nan."

Na duba. Ga 'yar adaidaita rawaya tana tafiya a titi, ga darbejiya, ga tarin tayoyi, ga wani tsoho a tsugune.

Na ce, "Wannan mai ƙusumbin ni ne?"

Ya ce, "Zan gyara, Baba."

Har yau bai gyara ba.

Sunan gem ɗin Akwai Mai Sauka. Kai ne direba, ka ɗauki fasinja ka kai shi inda ya ce, ka kauce wa rami, ka kauce wa akuya, ka haƙura da matar da za ta shigo da daro uku ta ce ita kaɗai ce. Titin namu ne sak, har da kwanar da ta karya shi. Direbobi suka riƙa tura wa juna daga waya zuwa waya, suka buɗe guruf na hira a waya suna nuna wanda ya fi kai fasinja. Daga nan ya shiga wayoyin ma'aikatan jinya da ɗalibai, suna yi a lokacin hutu. Masu shaguna, irin su mai kemis da mai man inji, suka fara ba shi ɗan abin hannu ya sa allon shagonsu a cikin titin gem. Da wannan ya koma ciyar da gidansa.

Amma abin da ya riƙe direbobi ba tuƙin ba ne, tuƙi ai sun gaji da shi. Yawancin masu fakewa a wurina ba su da adaidaitar kansu. Ta wani ce, kuma mai ita ba ya yarda ka liƙa mata ko sitika ɗaya, balle ka yi rubutu a bayanta. To Mu'azu ya san wannan ciwon, don ya ɗanɗana. Sai ya sa a gem ɗin keken, wato adaidaitar, naka ne. In ka yi aiki da kyau ka samu tuntu ka rataya, ka samu darduma ka shimfiɗa, ka sake wa rumfa launi, sannan ka rubuta abin da kake so a baya. Na ga gardawa masu 'ya'ya uku-uku suna nuna wa juna bayan keke a waya kamar masu nuna sabon ɗaki.

A cikinsu akwai Shehu, mutumin Ringim, ƙato mai babbar murya. Ba shi da wani muƙami a tashar tamu ta gindin darbejiya, amma in ya ce a tashi, tashi ake yi. Wata takwas ya yi yana tara wa kekensa kaya, rumfa koriya, madubi biyu, tuntu ja da fari. A baya ya rubuta, "Allah ya jiƙan Inna Dije." Mahaifiyarsa ce, ta rasu a shekarar da ya shigo Kano, bai samu jana'izarta ba.

Ana nan mutane suka fara cewa titi ɗaya ya ishe su, a ƙara unguwa. Mu'azu ya kama aikin ƙara Babban Giji. Yana da wani aboki, Abdurrahman, mai buga fosta da katin biki a Tarauni. Ba mugu ba ne, sana'arsa ce dai ta ɗaga murya. Shi ya ce masa abu irin wannan ba a fito da shi a ɓoye, a sa rana, a cika gari. Aka buga fosta mai kyau, an rubuta RANAR SALLAH da manyan baƙaƙe, za a yi ruwan sama a cikin gem, za a yi tsere, za a yi kaza da kaza. Direbobi da kansu suka roƙi iyayen gidansu aka bar su suka liƙa a jikin kekuna. Tun azumi yana goma ake ƙirga kwana.

Ranar Sallah ta zo, babu ƙari. Washegari babu. Mu'azu yana ɗaki yana fama, waya tana ta kuka, kowa yana tambaya. Rana ta huɗu ya gaji da matsi ya saki abin ba tare da ya gwada shi a wayar kowa ba sai tasa.

Bayan la'asar ina cikin cire taya sai na ji tasha ta yi tsit, irin shirun da ba na lafiya ba. Duk wanda ya sa sabon, ya buɗe ya tarar da kekensa rawaya fes kamar yau aka sauke shi daga mota. Babu tuntu, babu darduma, babu rubutu. Babban Giji tana nan, amma rabin titunan ba sa shiguwa, ruwan saman ma babu.

Mu'azu bai ɓuya ba, wannan na ba shi. Ya hau adaidaita ya zo tasha da sandarsa. Shehu na ganinsa ya miƙe.

"Injiniya! Zo nan. Ina sunan uwata?"

"Yaya Shehu, ka yi haƙuri, kuskure ne aka..."

"Ban tambaye ka me aka yi ba. Na ce ina sunan uwata?"

Wani direba, Isyaku, mai son raha ko a gidan makoki, ya ce, "Ai ya cika alkawari, Yaya. Ya ce za a yi ruwa, an yi, ya wanke mana kekuna tas."

Wasu suka yi dariya. Shehu bai yi ba.

Ya ce, "Mayar mini da shi yanzu, ina tsaye."

Mu'azu ya sunkuyar da kai ya ce ba zai yiwu ba. Kayan kowa a cikin wayarsa suke, sabon ya hau kan tsohon ya share, shi ba shi da wani wurin da ya adana su.

Shehu ya nuna masa kekensa da ke fake. Sannan ya ce, "Fostarka tana jikin kekena wata guda. Na yi faɗa da mai keke a kanta. Duk fasinjan da ya tambaya na ce masa ɗan'uwanmu ne, direba ne, ba ya ƙarya." Ya ɗaga wayar yadda kowa zai gani, ya danna, ya goge gem ɗin. Kafin magariba fiye da rabin tasha sun bi shi.

Daga nan sunan Mu'azu ya koma Ranar Sallah. In wani ya yi alkawarin da ba a yarda da shi ba, sai a ce, "Kai ma Ranar Sallah ne?" Guruf ya mutu, sai masu turo gaisuwar Juma'a. Mai man inji ya ce a cire allonsa, bayan mako biyu mai kemis ma ya ce haka.

Wata safiya ya zo ya zauna a kan bencina, ya jira har na gama faci biyu. Sannan ya ce, "Baba, in daina ne?"

Na ce ni ban san gem ba. Abin da na sani, in mutum ya kawo mini taya na ce masa ta yi, ya je gaba ta sace da fasinja a ciki, ba facin ne yake ƙona masa rai ba, wannan "ta yi" ɗin da na faɗa ne. Mu'azu ya miƙe. Ya ari bokitina da tsohuwar wuƙar da nake kankare tiyub da ita.

Kwana uku yana bin kekuna a tasha yana jiƙa fostarsa yana ɓarewa. Mutum mai ciwon ƙugu, ga sunkuyo. Duk wanda ya tsaya masa, sai ya tambaye shi me da me ke jikin kekensa na gem, ya rubuta a littafi, daga baya ya haɗa masa irinsa ya tura. Wasu sun karɓa. Da ya zo kan keken Shehu, Shehu ya bar shi ya ɓare fostar tas, amma da ya buɗe littafi sai ya ce, "Rufe. Sunan uwata ai na iya rubuta shi da kaina. Wata takwas ɗin da na yi fa, shi ma a littafin yake?"

Bayan wannan Mu'azu ya yi shiru, shirun da ya kai wata goma. Ya gyara titunan Babban Giji ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ce komai ba. Masu yin gem ɗin da suka rage ba su fi a ƙirga su a benci biyu ba. A tasha ni kaɗai na san yana wani sabon aiki, shi ma don ina ganinsa ne. Da hantsi yakan zaga lungunan Ƙauyen Alu da sandarsa yana ɗaukar hoton kwata da katanga da turakun lantarki. Har wata tsohuwa ta tare shi ta ce, "Ɗan nan, ka faɗa mini gaskiya, rusau za a yi?" Ya sha wuya kafin ta yarda wasa yake haɗawa.

Ya kuma bi masu gyaran waya ya tattaro tsofaffin wayoyi, masu fasasshen gilashi, masu ɗaure da roba, irin dai waɗanda direbobi suke riƙewa. Guda goma sha huɗu. Ladi ta ce babban farantinta na tuwon Sallah ya ƙwace ya jera su a kai. A kowace waya sai ya fara ƙawata keke, ya yi masa rubutu a baya, sannan ya ɗora sabon aikin ya duba ko wani abu ya ɓace. In ya taɓa ko ƙaramin abu ne, sai ya sake bin su goma sha huɗun daga farko.

Da aikin ya kusa, Abdurrahman ya ji labari ya same shi a rumfata.

"Mutumina, wannan karon ba fosta za mu yi ba, bidiyo za mu yi. Na san yara masu mabiya dubu ɗari-ɗari. Ka ba ni rana kawai."

"Babu rana."

"To wata. Ka ce wata kaza."

"Babu wata."

"Haba, Mu'azu! An manta da kai fa. Ka san an manta da kai?"

"Ba a manta ba. Jiya ma wani ya kira ni Ranar Sallah a masallaci."

Abdurrahman ya juyo gare ni. "Baba, don Allah ka sa baki."

Na ce ni bakina na hura tiyub ne. Ya yi dariya ya tafi yana kaɗa kai.

Ladi ma ta zo, ita ba da dariya ba. Ta tsaya daga gefe ta gaishe ni, ta ce, "Baba, wata goma yana aikin nan, idonsa har ya fara ciwo. Yanzu ya ce ba zai gaya wa kowa ba. In ba su sani ba, su waye za su yi?" Na ce ta ƙara haƙuri. Na ga yadda yake bin wayoyin nan, kuma na san mutanen tasha. Ba sa jin shela yanzu, amma idonsu yana kan wayar na kusa da su.

Wata Talata da hantsi ya tura abin a guruf ɗin da ya mutu, da 'yan layuka a ƙasa. Isyaku ne ya karanta mana da ƙarfi, yana kwaikwayon muryar mai labarai:

"Salamu alaikum. Na ƙara Ƙauyen Alu. Ba ya share keke, na gwada a waya goma sha huɗu. Abin da bai yi ba tukuna: babu ruwan sama, babu tsere, kuma a ƙananan wayoyi yana ɗan tsayawa a wajen kwalbatin makaranta. Wanda ba ya so, tsohon yana nan yana aiki."

Wani ya ce, "Shi ke nan?"

Isyaku ya ce, "Shi ke nan. Yau Ranar Sallah ya zo ba ganga."

Ranar babu wanda ya taɓa. Laraba ma haka. Mu'azu ya zo ya zauna a bencina kamar kullum, yana miƙo mini gam in na nema, bai ce wa kowa ya gwada ba. Na lura dai hannunsa ba ya barin aljihun da wayarsa take.

Ranar Alhamis Isyaku ya iso yana washe baki, da wata waya mai jar riga wadda ba tasa ba.

"Jama'a, na gwada. Bai share ba."

"A wayarka?"

"Ni mahaukaci ne? A ta Hadiza."

Hadiza matarsa ce, ita ma tana yi, kekenta har da furanni. Aka ce masa, "To da ya share fa?" Ya ce, "Da ita za ta yi kuka." Wani ya ce, "Da kai za ka yi mako kana cin garin kwaki." Aka kewaye shi ana leƙe. Ga keken Hadiza da furanninsa, ga rubutunta a baya ba abin da ya taɓa shi, ga shi ya shiga Ƙauyen Alu. Wani ya ga ƙofar gidan da yake haya ya yi ihu. Sai wani ya ce, "Kai shi kwalbatin makaranta mu gani." Isyaku ya kai shi. Keken ya tsaya cak, ya ɗan yi rawa, sannan ya wuce.

Abin mamaki, wannan tsayawar ce ta fi faranta musu rai. Suka riƙa cewa, "Wallahi ya tsaya! Daidai inda ya ce!" Mutum uku suka sa a wayoyinsu a nan take, kowa yana riƙe da numfashi har ya ga kekensa lafiya.

Daga nan abin ya tafi da ƙafarsa, a hankali. Fasinja ya leƙa wayar direba, direba ya tura masa. Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto cewa akwai turken lantarkin da keke yake ratsawa ta cikinsa kamar aljani. Bayan kwana biyu Mu'azu ya rubuta layi ɗaya, an gyara turke, ya sa sunanta a matsayin wadda ta nuna. Sai kowa ya koma farautar kuskure don a ambaci sunansa. Mai kemis ya aiko a mayar da allonsa. Wannan ita ce hanyar da yake bi har yau: ba ya faɗin abin da zai yi, sai abin da ya yi da abin da ya gagare shi.

Saura Shehu. Wata biyu bai ko kalli wayar kowa ba. In aka fara maganar gem sai ya tashi ya je goge gilashi.

Wata ranar Asabar ya kawo mini tayar baya, ƙusa ta shige ta. Mu'azu yana kan benci, Isyaku a gefensa yana tuƙi a waya. Babu wurin tsayawa a inuwa sai bayansu, nan Shehu ya tsaya, ya harɗe hannu yana kallon titi. Ina sa tiyub a ruwa ina satar kallonsa. Idon yana sauka kan wayar yana komawa.

Can ya ce, "Wannan lungun ƙarya ne."

Isyaku ya ce, "Wanne, Yaya?"

"Wanda ka shiga yanzu, na bayan mai walda. Keke ba ya wucewa nan. Mutumin ya jera ƙofofin ƙarfe har tsakiyar hanya, sai dai ka zaga ta wajen mai niƙa."

Mu'azu ya ce, "Da ƙafa na bi shi, Yaya Shehu. Ban lura ba."

"To ai ka ji. Mai ƙafa daban, mai keke daban. Ka manta ne?"

"Ka nuna mini."

Shehu ya mayar da ido kan tayarsa. Ya jira na ɗaura taya, ya buga ta da ƙafa, ya tayar da keke. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Za ka hau ko sai an buga maka fosta?"

Sun fi awa ɗaya. Da suka dawo littafin Mu'azu ya cika shafi uku, Shehu kuma yana ta faɗa, wai an sa rami inda babu an bar inda yake, wai mai tsiren kwana ba a wannan hannun yake ba. Mu'azu yana cewa to, yana rubutawa.

Shehu ya ce, "Bayan Ƙauyen Alu sai ina?"

"Ba zan faɗa ba."

"Yaushe?"

"Shi ma ba zan faɗa ba."

"Ka kyauta wa kanka."

Wasu mata biyu suka tsaya a bakin titi da yaro a goye, suka ce asibiti. Shehu ya ce su shiga. Ya zauna, ya kama kan keke, sai kuma ya laluba aljihu ya zaro wayarsa. Direba ba ya rabuwa da wayarsa da rana, ta nan masu ɗaukar shata suke kiransa. Ya miƙa wa Mu'azu.

"Sa mini gem ɗin kafin in dawo. In an kira, ka ce ina hanya."